Riƙe ƙwallo ko cilla ta gaba: abin da aka tattauna kan salon da ya fi kawo nasara a wasan ƙwallon ƙafa

1. Kusan kowa ya yarda riƙe ƙwallo ba shi ne cin wasa ba. A Kofin Duniya na 2022 Sifaniya ta yi ta juya ƙwallo, Maroko ta toshe tsakiya, ta fitar da ita a bugun fenariti.

2. Mai riƙewa na buƙatar gola da 'yan baya masu iya fasin. In ƙwallo ta ƙwace alhali 'yan gefe sun hau, baya a buɗe take.

3. Cillawa gaba sai da ɗan gaba mai gudu da masu tsintar wadda ta faɗo. Haka Leicester ta ci Firimiya a 2016.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce wasa 38 na lig sai mai riƙewa, irin Manchester City. Wasu suka ce kuɗin sayen 'yan wasa ne ke kawo nasarar, ba salo ba.