Wata 14 ina atisayen MMA, amma da an ce a gwada hannu sai komai ya ɓace min

Tela_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

Ni tela ne a Kano, shekarata 24, nauyina kilo 68. Wata 14 ke nan ina zuwa wani ɗan gidan atisayen MMA, wato faɗan da ake haɗa dambe da kokawa, sau uku a mako bayan la'asar, ana koya mana naushi da shuri da kokawa da kamun ƙasa, wato danne mutum da murɗe shi bayan an kai ƙasa. Wurin ba wani babba ba ne, shago biyu aka haɗe aka shimfiɗa tabarmar roba. Buhun naushi biyu ne, ɗayan ma da ƙyallayen shagonmu aka cika shi. A kan buhu ba ni da matsala. Idan koci ya riƙe min matashin hannu ya ce ɗaya, biyu, shuri, ina yi har ya yaba.

Ranar Asabar ce ke kayar min da gaba, ranar gwajin hannu. Da na ga naushi ya taho sai idona ya rufe da kansa, haɓata ta ɗaga sama, in yi ta ja da baya har in bugi bango. Numfashi ma riƙe shi nake yi ban sani ba. Kafin minti biyu hannuwana sun yi nauyi kamar an ɗaura min bulo. Idan aka kamo ƙafafuna na faɗi kuwa, shi ke nan, ina kwance har a raba.

Yadda ake yi a wurinmu, kowa zai kewaye, a fito da waya ana ɗauka, ana ihun "kashe shi" kamar a gidan dambe, kuma da ƙaramar safar MMA ake yi. Asabar uku da suka wuce aka haɗa ni da wani mai kilo 85, ya same ni a bayan kunne. Ban faɗi ba. Amma kwana uku kaina na sarawa, in zan zura zare a allurar keke sai in ga rami biyu, hasken ƙwan shago ma yana damuna. Da na faɗa sai aka ce min haka ake zama namiji.

Ba don in zama zakara na shiga ba. Azumin bara, saura kwana goma Sallah, mun tashi daga ɗinki wajen ƙarfe ɗayan dare, yara uku suka tare abokin aikina a bakin lungunsu suka ce ya kawo waya. Ya yi gardama, suka yanke shi a hannu. Ɗinki tara aka yi masa, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, ga shi da almakashi yake cin abinci. Washegarin Sallah na je na yi rajista.

To yanzu don Allah, ta yaya zan gyara atisayena in daina daskarewa? Kuma abin da nake koyon nan, zai amfane ni in na haɗu da irin yaran can?

Koci_Sabongari ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kada ka sake shiga filin Asabar ɗin nan sai kanka ya warke sarai.

Rufe idon da kake yi ba tsoro ba ne irin na rago. Jikinka ne ya haddace cewa duk naushin da ya taho ciwo ne, don haka yake kare kansa kafin ka yi tunani. Buhu ba ya ramawa, matashin hannu ba ya yaudararka. Tsakaninsu da faɗan gaske akwai matakala mai hawa da yawa, ku kuma daga ƙasa ake cilla ku sama. Wanda ake duka da ƙarfi ba ya gwada sabon abu, neman tsira kawai yake yi, shi ya sa za ka shekara kana wuri ɗaya.

Ka nemi mutum ɗaya tak, sa'anka a nauyi, wanda ba ya son nuna isa. Ku sa babbar safa mai oza 16, ƙaramar nan mai oza 4 ta ranar gasa ce. Robar haƙora dole ce, ko da rabin ƙarfi za a yi. Turmin farko minti uku, hannun gaba kaɗai, taɓawa kawai a goshi ko kafaɗa. Ma'aunin ƙarfin shi ne ku iya magana kuna yi. Duk hannun da ya taho, ka faɗe shi da baki: dama, hagu, hagu. Ba za ka iya faɗa ba sai idonka na buɗe, kuma mai magana ba ya riƙe numfashi. Idonka a ƙirjinsa, kar ka bi safar da kallo.

Turmi na biyu ka jingina da bangon nan da kake gudu zuwa gare shi. Shi yana kawo hari a hankali, kai aikinka ɗaya ne, ka zame ta gefe ka fito fili. Sai ku yi musaya. Bayan mako biyu ku ƙara hannun baya, bayan wasu biyun ku ƙara shurin cinya, daga nan kamun ƙafa. Turmi shida zuwa takwas irin wannan a rana ɗaya sun fi turmi ɗaya na Asabar, kuma washegari za ka iya zura allurarka.

Je ka kalli yadda 'yan damben Thailand ke gwada hannu a sansaninsu. Mutanen da ke fita gasa a kai a kai, amma in suna atisaye kamar wasa suke yi, har da dariya. Max Holloway, wani gwanin MMA ɗan Amurka, a karawarsa da Calvin Kattar a Janairun 2021, ya saukar da duka 445 da aka ƙirga, abin da ba a taɓa yi ba a UFC, babbar gasar MMA ta duniya, kuma da bakinsa ya ce ya daina gwajin hannu mai ƙarfi a shirinsa. Amma ka lura, shi ya riga ya tara shekaru yana yi. Kai kana buƙatar gwajin da yawa, mai sauƙi dai.

Sannan a ajiye wayoyin nan. Da an ɗaga kyamara, kowa zai manta ya zo koyo ne.

Ma'aikaciyar_Jinya ta amsa:

Ɗan'uwa, ciwon kai na kwana uku da ganin abu biyu bayan duka, alamun jijjigar ƙwaƙwalwa ne. Ba sai mutum ya suma ba ake samunta. Ka je asibiti a duba ka, ka faɗi maganar ganin biyun musamman. Haɗarin ya fi yawa idan aka sake bugun kan bai gama warkewa ba. Duk ranar da wani a cikinku ya sha duka sai ya kama amai, ko barci mai nauyi, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko ɓari ɗaya ya saki, a kai shi asibiti a lokacin, kada a ce ya kwanta ya huta. Kuma kar hular kariya ta rufe muku ido. Tana hana fashewar gira, amma ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙo take motsawa. A gasar Olympics ta Rio a 2016, maza 'yan dambe babu hular suka fafata.

Autan_Mahauta ya amsa:

Yaro, ni ban san MMA ba, amma na ɗaure hannu shekara tara, gadon gidanmu ne. Bari in faɗa maka abin da mutane ba sa gani a dambe. Sai a yi turmi guda ba a kai naushi uku ba, 'yan kallo na ta ƙorafi. A wannan shirun ake dambe. Hannun garkuwa da ka ga an miƙa, awo ne. In tafina ya taɓa naka, na san mashina zai isa, na san naka ma zai iso ni. Taku ɗaya baya na fita, rabin taku gaba na shiga. Kai da kake ja da baya har bango, ba ka san inda hannunsa ya ƙare ba ne. Ka sa abokinka ya tsaya ya miƙa hannu, ka shata layi a ƙasa daidai inda safarsa ta tsaya. Ka yi mako kana wasa a bakin layin nan, shiga da fita. Za ka ga rabin abin da kake rufe wa ido ma ba zai same ka ba.

Tsayuwarmu dai kar ka ɗauka. Muna baje ƙafa mu ba da gefe, mashi can baya. Mai shurin cinya zai cinye ƙafar gaban nan.

Inda na ɗan saba da Koci, namiji sai ya ɗanɗana duka na gaske lokaci-lokaci, in ba haka ba ranar da ya same shi zai rikice. Amma a jiki, a ciki da haƙarƙari, sau ɗaya a wata. Kai kam a bar shi. Akwai waɗanda muka yi tashe tare, yau in muna hira sai ka jira su kafin kalma ta fito. Idan na je gaishe su nakan dawo gida jikina a sanyaye.

Tela_Kurna ya amsa:

Na gode Koci, na gode Anti, gobe in sha Allah zan je asibitin. Baba, maganar layin nan ta shige ni, alli ma ina da shi a shago. Saura tambayata ta biyu, ita ce ta fi hana ni barci.

Ɗan_Maradi ya amsa:

Ɗan'uwa, ni kokowa na taso da ita tun ina yaro, daga baya na koyi kamun ƙasa. Zan ba ka amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: mutum uku da wuƙa, ka miƙa wayar. Babu kocin kirki a duniya da zai ce maka wani abu daban.

Idan zuciyarka ba ta yarda ba, ga gwaji. Ka sa tsohuwar farar riga, ka ba abokinka gawayi ya riƙe a matsayin wuƙa, ka ce ya yi da gaske na daƙiƙa 20, kai kuma ka ƙwace. Sai ka cire rigar ka ƙirga zanen. Ka dubi damatsanka ma.

Abin da atisaye zai ba ka a titi shi ne kada ka daskare, kada a kayar da kai, in an kayar ka miƙe da sauri, in an riƙe rigarka ka ɓalle ka gudu. Duk wannan kokowa ce. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokowar da ya koya a makarantun Amurka ya danne Tyron Woodley turmi biyar ya karɓi kambun UFC daga hannunsa a 2019. Shi ne mai zaɓar inda za a yi faɗan, a tsaye ko a ƙasa. Kai ma abin da kake nema ke nan, sai dai kai kullum tsaye za ka zaɓa. A keji, wato filin gasar MMA, abokin faɗa ɗaya ne da alƙalin wasa. A lungu, kana ƙasa kana murɗe hannun ɗaya, na biyun yana tsaye a kanka.

Don haka kowane atisaye ka ware minti goma na tashi. Ka kwanta, abokinka ya danne ka da rabin ƙarfi, ka tura ƙugunka gefe ka samu sarari, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya yana tsare fuska, ka ja ƙafa baya ka miƙe. Da ka miƙe kar ka tsaya gyara tsayuwa, ka ruga har ƙofa. Ka saba wa jikinka cewa bayan tashi gudu ne.

Kuma ko Usman ɗin, a Agustan 2022 yana kan gaba a maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, abokin karawarsa Leon Edwards ya yaudare shi da hannun hagu, Usman ya kauce, ya faɗa cikin shurin kai. Wannan da alƙali da likita a gefe ke nan.

Tela_Kurna ya dawo bayan mako biyar:

Salam 'yan uwa, na ce bari in kawo muku rahoto. Na je asibiti, likita ya hana ni duk abin da zai taɓa kai har sai ciwon ya ɗauke, sannan in koma a hankali. Na bi.

Na samu abokin yi, wani ɗalibi mai kilo 70, shi ma ashe Asabar ɗin ta ishe shi, kunya ce ta hana shi faɗa. Muka haɗa kuɗi muka sayi manyan safa na gwanjo. Na nuna wa kocinmu abin da kuka rubuta. Bai ce komai ba a ranar, amma ya ba mu Laraba, kuma yanzu mu biyar ne muke zuwa. Makon farko ina kiran dama da hagu ina kuskure, don idon yana rufewa a tsakiya. Larabar da ta wuce na yi turmi uku cur ina ganin komai, har na ga kafaɗarsa tana motsi kafin hannun ya fito. Wallahi ban taɓa sanin ana ganin wannan ba. Layin allin Baba yana nan a tabarma, koci ya hana a goge.

Gwajin gawayin ma mun yi. Zane goma sha ɗaya a riga, uku a wuya, ga damtsena na hagu baƙi ƙirin, kuma a zatona sau biyu kawai ya taɓa ni. Na kai rigar shago na nuna wa abokin aikina, ya daɗe yana kallonta. Yanzu ƙarfe sha ɗaya muke rufewa ko aiki ya yi yawa, mu uku muke tafiya tare ta bakin titi, babbar wayar kuma a durowar keke take kwana.

Inda har yanzu nake makalewa shi ne tashi. Ɗan'uwa na Maradi, idan mutumin ya fi ni nauyi ya kwanta min a ƙirji ta gefe, ƙugun nawa ba ya motsi ko kaɗan. Gwiwar hannuna a wuyansa zan sa ko a ƙugunsa kafin in tura?