Na sayi tsohon babur da ya daɗe a jingine: daga ina zan fara gyara idan kuɗin hannuna kaɗan ne?

Malamin Firamare, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar babur, musamman masu gyara da waɗanda suka daɗe suna hawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin albashina, saboda haka na yanke shawarar mallakar babur, ko da tsoho ne, domin zuwa makaranta da dawowa. Wani maƙwabcinmu ya sayar mini da nasa da araha. Ɗan Caina ne mai inji 125, irin waɗanda aka kwaikwayi Honda CG125 wajen ƙera su. Ya yi acaɓa da shi kafin gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a farkon 2013, daga baya ya ci gaba da hawa don harkokin gabansa, sannan ya jingine shi a zaure ya yi shekaru ba wanda ya taɓa shi.

Ga halin da yake ciki. Tayoyin sun sace, gefensu ya tsattsage. Batir ya mutu murus. Idan aka buɗe tanki wani wari mai tsami ke fitowa, kuma ana hango tsatsa a ƙasansa. Sarƙa ta bushe ta ƙage. Kik yana sauka idan na taka shi, har ina jin ɗan nauyi a ƙafata, amma injin bai ko yi tari ba. Kujera ta yage, fenti ya koɗe.

Bakaniken da na fara nuna wa ya ce sai an sauke inji an sa sabon fistin da ringi da sabon kafireto, kuma abin da ya lissafa ya kusa kai kuɗin da na sayi babur ɗin. Shin dole ne a fara da wannan? Idan ba dole ba ne, wane gyara ya kamata ya zo da farko, wane ne kuma zai iya jira har wata ya ƙare?

Bakanike daga Panteka, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Ba ina cewa abokin sana'ata ya yi nufin cutar ka ba ne, amma ba a yanke wa injin da ba a ji ƙararsa ba hukunci. Nauyin da kake ji a ƙafarka idan ka taka kik shi ne labari mafi daɗi a duk abin da ka faɗa, domin yana nuna cewa fistin bai liƙe ba, kuma har yanzu yana matse iska. Irin wannan injin da wuya ya mutu saboda zama kawai. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne takanas domin ƙasashen da masu babur ba sa kula da juyen mai a kan lokaci, shi ya sa sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, babu sarƙar da za ta saki a cikin kansa. 'Yan Caina ɗin da suka kwaikwaye shi sun gaji wannan juriya, ko da ƙarfen nasu bai kai na asali ba.

Kafin ka sake taka kik, ka kwance filogi, ka zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya a cikin ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka riƙa taka kik a hankali ba tare da filogin ba, domin man ya shafi bangon da fistin ke gogawa, wanda ya yi shekaru a bushe. Daga nan ka juye tsohon man inji. Ka tare shi a cikin kwano mai tsabta ka duba shi a rana: idan baƙi ne kawai babu damuwa, idan ya yi fari-fari ruwa ya shiga, idan kuwa kana ganin ƙyalli na ɓarɓashin ƙarfe to a nan ne za mu fara tunanin cikin inji. A ƙasan injin ta gefen hagu akwai wani babban murfi, a bayansa akwai sifirin da 'yar raga mai tace mai. Mutane da yawa sukan yi juye shekara da shekaru ba su san da ita ba. Ka cire ta ka wanke da kananzir ka mayar. Sabon man da zai ci bai kai lita ɗaya cif ba, kuma 20W-50 na babur za ka nema a cikin galan mai hatimi. Kada ka sayi na awo a kwalba a bakin titi, kada kuma ka zuba wanda aka yi don motocin zamani, saboda kulocin babur a cikin man yake wanka, irin wancan man kan sa shi ya riƙa zamewa.

Abin da ya hana babur ɗinka tashi, a ganina, yana tsakanin tanki da kafireto. Fetur idan ya daɗe sai mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo mai kalar zuma, kuma shi ne warin da ka ji. Ka sauke tankin, ka zubar da abin da ke ciki nesa da wuta, ka zuba kananzir da tafin hannu guda na ƙananan notuna, ka rufe ka girgiza shi sosai ta kowace fuska. Ka juye, ka maimaita har sai abin da ke fitowa ya daina zuwa ja. Ka ƙirga notunan kafin ka zuba domin ka tabbata duk sun fito. Idan ka tarar tankin ya huje, kada ka bari wani mai walda ya kusanto shi da wuta sai an wanke shi da ruwa da sabulu an bar shi a buɗe, domin tankin da ba mai a ciki amma da tururin fetur ya fi cikakke haɗari. Ka canza tiyon mai, ka sa masa 'yar matatar roba a tsakani. Kuɗinta ƙalilan ne, ita ce kuma za ta tare ragowar tsatsar da ba ta fita ba.

Shi kuwa kafireto, wanke shi za a yi. Tsohon da ya zo da babur sau da yawa ya fi sabon da za a sayar maka a leda. A kwance kofin da ke ƙasansa, a ciro jet guda biyun nan na tagulla, babba da ƙarami, a jiƙa su a fetur mai kyau. Ƙaramin ne ke toshewa, kuma shi ke riƙe da injin lokacin tashi da lokacin da yake tsaye yana aiki. Ka ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, idan ba ka ga ɗigon haske ba bai buɗe ba. Zare ɗaya na tagullar wayar lantarki ya isa a huda shi. Kada a sa allura, domin tana faɗaɗa ramin, daga ranar kuma babur ɗin ya koyi shan mai ke nan. Ka duba soson da ke tace iska, ina kyautata zaton ya zama gari. Idan haka ne ka share akwatin ka sa sabo kafin a tayar, kada injin ya zuƙe garin.

Batir zai iya jira. Galibin irin waɗannan baburan wutar filoginsu daga injin take zuwa kai tsaye, suna tashi da kik ko babu batir. Ka sayi sabon filogi, tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7, ka haɗa shi da wayarsa ka jingina shi a jikin inji ka taka kik. Idan ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, ka mayar da shi ka gwada. Duk wannan aikin kuɗinsa bai kai na fistin da ringi kaɗai ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Zariya:

Na yarda da abin da maigidan Panteka ya faɗa game da inji, amma da ni ne da ba daga nan zan fara ba. Malam, ka karɓi rasit ɗin asali daga hannun maƙwabcinka? Ka durƙusa ka karanta lambar da ke jikin inji da wadda ke wuyan babur ɗin ka ga sun yi daidai da na takarda? Idan rasit ya ɓace, ku rubuta yarjejeniyar ciniki da lambobin biyu a ciki, shi ya sa hannu, shaidu su sa, mai unguwa ya sani. Ba zargin maƙwabcinka nake yi ba. Babur ɗin acaɓa yakan ratsa hannaye da yawa kafin ya zauna wuri ɗaya, kuma ranar da aka tare ka a hanya takarda za a tambaye ka, ba zaman lafiyar da ke tsakaninku ba. Ka gama da wannan kafin ka kashe ko sisi a kan gyara, sannan ka ware wani abu don sabunta lamba da inshora da lasisin hawa, wanda na babur shi ne rukunin A.

Na biyu, idan injin ya tashi za ka ji daɗin da zai sa ka so ka zagaya unguwa a ranar. Ka daure. Tayar da gefenta ya tsattsage ta gama aiki ko da zanenta bai cinye ba, kuma faci ba ya gyara ta. A gefen taya akan buga lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba wannan ma a jikin wadda za ka saya, don akwai masu sayar da wadda ta tsufa a shago. Idan kuɗin biyu bai samu ba a lokaci ɗaya, ka fara da ta gaba tare da sabon tub, saboda fashewar ta baya mutum kan iya tsira da ita, ta gaba kuwa ƙasa take kai shi. A buɗe birki gaba da baya. Fatar birkin manne take da gam a jikin ƙarfenta, idan ta daɗe a wuri mai laima takan ɓalle a cikin tafiya ta ƙulle taya. Ka canza su duka ko da sun yi kama da masu kyau. Wayar birkin gaba da ta kuloci da ta totur a zare su a ɗiga musu mai, wadda ta fara warwarewa a kanta a jefar. Ka ɗaga kowace taya ka girgiza ta gefe da gefe, idan tana rawa boris ya tafi.

Sarƙa kuwa ka cire ta ka jiƙa a kananzir kwana guda, ka goge da tsohon buroshi. Idan duk gaɓoɓinta sun saki, kuma haƙoran da take hawa ba su yi tsini sun lanƙwashe ba, za ta kai ka wasu watanni. Ka bar mata sassaucin kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ranar da za a canza ta a canza har da haƙoran gaba da baya, domin tsoffin haƙora nan da nan suke cinye sabuwar sarƙa. Fenti da sitika su ne ƙarshe. Kujera ma mai ɗinkin kushin zai rufe maka ita da kuɗi kaɗan, amma hular kwano tana gaba da ita a layi.

Malamin Firamare, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Rasit yana nan, lambobin kuma sun yi daidai. Mun bi matakan da kuka faɗa ni da wani yaro mai koyon gyara a unguwarmu, ƙaramin jet ɗin a toshe yake kamar yadda aka ce, kuma injin ya tashi. Sai dai abubuwa uku sun dame ni: salansa tana fitar da hayaƙi shuɗi, kan injin yana wata ƙara kas-kas, sannan da na matse kuloci na sa giya sai babur ɗin ya zabura ya mutu. Shin maganar bakaniken farko ce ta tabbata?

Bakanike daga Panteka, Kaduna:

Ba ta tabbata ba tukuna, Malam. Hayaƙin farko man da ka zuba ta ramin filogi ne yake ƙonewa, tare da dattin da ya taru a salansa. Ringin da ya daɗe a zaune ma yakan liƙe a gurbinsa, sai ya sha zafi ya saki. Ka hau shi a hankali na mako biyu bayan an gama da taya da birki, kana duba sandar awon mai kowace safiya. Idan hayaƙin ya ragu kuma man bai sauka ba, ka manta da zancen ringi. Idan ya ci gaba, filogi yana fitowa baƙi da maiƙo, to kan injin da bulok kawai za a cire, a auna a ga ko ringi kaɗai ya isa. Wannan ba ya bukatar a raba injin gida biyu.

Ƙarar kan inji saitin bawul ne. Ana yin sa injin yana da sanyi, tazarar milimita 0.08 ga kowanne, kuma ka nemi wanda yake da ma'aunin nan mai siraran ganye, kada a yi maka da ƙiyasin yatsa. Gara a bar shi da 'yar ƙara a kan a matse shi ya yi shiru, domin bawul ɗin da aka matse ƙonewa yake yi.

Faifan kuloci kuwa mannewa suka yi da juna saboda zama. Ka bar injin ya yi zafi sosai, ka kashe shi, ka sa giya ta biyu, ka matse kuloci ka riƙa tura babur ɗin gaba da baya har ka ji ya saki. Idan ya ƙi, a buɗe murfin dama a raba su da hannu a shafa musu mai, a kuma yi amfani da damar a wanke matatar mai ta biyu mai juyawa da ke gefensu, a sa sabon gaskit. Man da ke cikin injin yanzu na wanki ne, ka juye shi bayan makonnin nan biyu ka zuba sabo. Sai bayan haka ka sayi batir, kuma kafin ka biya ka sa a ɗora mita a kansa injin yana aiki: idan bai nuna ƙarfin wuta tsakanin volt 13.5 da 14.5 ba lokacin da aka ɗan ja totur, a gyara caji tukuna, in ba haka ba sabon ma mutuwa zai yi.