Fitilar faifaina ta mutu, wa zai iya gyarawa a Kaduna?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Oktoban 1994 ina karatu a Landan, wani abokina ya ja ni zauren Earls Court kallon wasan Pink Floyd, wata ƙungiyar mawaƙan Ingila. Ban taɓa ganin irinsa ba: waƙa ɗaya sai ta haura minti goma, haske kamar walƙiyar damina. Da faifan wasan, Pulse, ya fito a 1995 na saya, har da 'yar jar fitila mai ƙiftawa a gefen kwalin.

Yanzu ta mutu. Batiran sun zubo, farin gari ya ci ƙarfen. Na sa sababbi, shiru. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya ce sai an yage kwalin, na ce a'a wallahi.

Da me ake goge garin nan? Ko akwai mai hannu a Kasuwar Barci?