Don Allah Aspirin na taimakawa kan kansar furostet?

Salam jama'a, don Allah likitoci ku taimaka min. An gano babanmu na da kansar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), PSA ɗinsa (wani sinadari da ake aunawa a jini don bibiyar cutar) sai hawa yake, yanzu ana masa allurar rage sinadarin maza. To na karanta wai magungunan rage kumburi irin su aspirin da celecoxib suna toshe COX-2, wani sinadari a jiki mai haddasa kumburi, wanda ake zargin yana taimaka wa kansar girma, amma har yanzu bincike ake, ba a tabbatar ba. Matsalar ita ce Baba na da olsa, ƙodarsa ma ba ta da ƙarfi sosai, kuma shi ya dage sai ya sha saboda ciwon ƙugu da ke hana shi barci. Zai iya haɗawa da allurar? Kuma ba zai ɓoye sakamakon PSA ba? Wallahi na rasa yadda zan yi.