Tsohon jakin da na tsinta a bayan unguwarmu: ina ake kai irinsa a Bauchi?

Baban Sadiya, Yelwa:

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da na tarar da wani tsohon jaki a bakin bola, bayan unguwarmu, yana tauna leda, ga gyambo a gadon bayansa daidai inda akumari yake zama, ƙudaje sun yanyame shi. Ramar da ya yi kuwa, daga nesa ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Na ja shi zuwa gida na ɗaure a gindin darbejiya, muna wanke masa mikin da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, kuma na yi cigiya a masallaci har sau uku, amma babu wanda ya ce nasa ne. Gidana ƙarami ne, dusa kuma kowa ya san yadda ta yi tsada. Shin akwai inda ake karɓar dabbar da aka yasar a kula da ita? Kuma a da can, yaya iyayenmu suke yi da irin wannan?

Dattijon Jahun:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ɗana. Mu da muka tashi a ƙauye, ba mu san wani gini da aka keɓe wa ɓatattun dabbobi ba, amma mun san turken da yake ƙofar gidan mai unguwa. Duk wanda ya tsinci akuya ko tunkiya ko jaki, ko ya kama dabba tana ɓarna a gonarsa, can yake kai ta. Ranar kasuwa sai mai shela ya zaga yana cigiya, a kuma sanar da dillalan kara, domin su ne suka fi kowa sanin dabbobin yanki. Idan mai ita ya zo, ba a kwance masa ita sai ya faɗi kamanninta tun kafin ya gan ta, wato launinta da tsagar kunnenta ko tabon da yake jikinta, ya kawo wanda zai shaide shi, sa'annan ya biya kuɗin harawar da ta ci.

Wannan tsari yana da tushe a addini. Da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓataccen raƙumi, ya yi umarni a ƙyale shi, domin yana iya kai kansa ga ruwa da ganye har mai shi ya same shi, amma tunkiya ya ce a riƙe ta, tunda in an bar ta kerkeci ne zai ci. A ganina, jakin da ya tsufa kuma yake ɗauke da gyambo a cikin gari ya fi kusa da tunkiyar. Sai dai abin da yake damuna shi ne, turken mai unguwa an kafa shi ne domin dabbar da mai ita yake nema. Naka kuwa da alama kora aka yi masa bayan ya gama ɗaukar yashi da itace, yanzu da babur mai ƙafa uku ya karɓe aikin. Duk da haka ka fara da mai unguwarku, ko don ka sami shaida, kada gobe wani ya ce sata ka yi.

Malamin Dabbobi:

Baba ya taɓo inda matsalar take. Asibitin dabbobi magani yake yi, ba riƙo ba, saboda haka ka nemi a zo a duba jakin a gida, a tsabtace gyambon, a yi masa maganin tsutsar ciki da na kaska. Ka lura da kashinsa sosai, domin ledar da dabba ta haɗiye ba ta narkewa, kuma na sha ganin an ciro ta ƙulli guda daga tumbin saniya a mahauta. Kada kuma ka cika shi da dusa lokaci ɗaya; dabbar da ta daɗe da yunwa da busasshiyar ciyawa ake fara mata, kaɗan-kaɗan, da ruwa wadatacce.

Gidan riƙon dabbobi irin wanda kake tambaya ya daɗe a Ingila. An kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan a 1824, kuma a 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓace ko yunwa ta galabaitar, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871, yana kuma aiki har yau. Aikin irin waɗannan gidaje shi ne a keɓe sabuwar dabba tukuna don kada ta shafa wa sauran cuta, a yi mata magani da rigakafi, a nemi mai ita, in ba a samu ba a ba wanda zai riƙe ta da amana. A nan ƙasar, hukuma ta fi mai da hankali ga annobar dabbobin kiwo, kamar yadda aikin cibiyar binciken Vom ta Jihar Filato ya nuna tun 1924. Yankari da Sumu kuwa na namun daji ne, ba za su karɓi jaki ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: ka yi hattara da wanda zai zo da sauri ya ce zai raba ka da wahala. Fatar jaki tana da kasuwa har ƙasar Sin, kuma tsohon jaki irin wannan shi ne ya fi saurin faɗawa hannun masu fiɗa.

Hajiya Maman Khalifa:

Ina jinjina maka, Malam, amma ni in har za a kafa irin wannan wuri a Bauchi, da karnuka nake so a fara. Bara wani kare marar uban gida ya ciji yaron maƙwabciyata a ƙauri yana dawowa daga Islamiyya, kuma ba a sake ganin karen ba, balle a tsare shi kwana 10 a ga ko yana da hauka. Mun wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 kamar yadda ake cewa, muka garzaya asibiti, uwar kuma sai da ta sayar da tunkiyarta kafin a kammala allurai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kuma idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Jifa da zuba guba da matasa suke yi ba sa rage komai, wasu karnukan ne suke maye gurbin. Abin da masana suka ce yana katse cutar shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi.

Baban Sadiya, Yelwa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Malam, da Hajiya. Jiya bayan la'asar na je wurin mai unguwa, ya zo da kansa ya ga jakin, ya kuma ce zai sa a yi cigiya a kara. Wani manomi da muke sallah tare ya yi alkawarin dami biyu na harawa, kuma ya ce in gyambon ya warke mai shi bai fito ba, zai kai shi gonarsa ya riƙe saboda taki, ba don kaya ba. Malam, gyambon ya fara bushewa ta gefe amma tsakiyarsa tana ruwa har yanzu. In ci gaba da gishirin ne, ko in dakata sai an zo an duba?