Sitaj nake yi, an ɗora mini baje koli na kwana biyu: daga ina zan fara?

ƊiyarBirni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe babban taro a nan Damagaram.

Ina karatun kasuwanci da talla a wata makaranta mai zaman kanta, yanzu kuma ina sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a wani kamfani da ke sayar da fitilu da faranti masu aiki da hasken rana. Watan farko ban wuce buga takardu da raba katunan talla ba. Sai ranar Litinin Hajiyar da ke riƙe da sashenmu ta kira ni, ta ce za a yi baje koli na kwana biyu a farkon Disamba, ana sa ran mutum kamar 500 kowace rana, har da ƴan kasuwa daga Matameye, Magaria da Tanout. Ni zan tsara, ita ta riƙa dubawa. Sati shida ya rage.

Abin da ke sa gabana faɗuwa shi ne ƙaramin taron da muka yi a Mirriah wata Lahadi, ranar kasuwarsu. Ni na rubuta tsarin. Kujera 100 muka biya, 70 aka kawo, su ma sai bayan ƙarfe 11. Lasifika ta ɗauke sau biyu. Ruwan leda ya ƙare kafin azahar. Wanda ya fi ci mini rai, da tsakar rana muka kunna fitilun, babu wanda ya ga haskensu. Wani dattijo ya matso a hankali ya ce, "Ɗiyata, ai fitila da dare ake gwada ta." Ranar ban iya cin abinci ba.

A makaranta an koya mana kasafi da jadawalin aiki, amma ba a koya mana wa ake fara gaisarwa ba, ko nawa ake ba mai kujeru kafin aiki. Don Allah, da me zan fara?

BabaMaiRumfa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sana'ata ke nan, hayar rumfuna da kujeru, tun kafin a haife ki.

Ki fara da kalanda. Disamba bayan kaka ne, hatsi ya shigo, kuɗi sun shigo, aure ko'ina. Ga bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba yana tafe, kujera da rumfa sai su yi wuya a gari. In kika bari sai saura sati guda, za ki samu, amma masu karyayyar ƙafa. Ki je wannan satin ki ga kayan da idonki, ki ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran sai an kwashe kaya. Kada ki biya duka, ko da mai kayan ɗan'uwanki ne. Ranar da aka sauke, ki tsaya a ƙirga a gabanki, a rubuta, ku biyu ku sa hannu. Abin da ya same ki a Mirriah ke nan, ba a ƙirga ba.

Kuma mutum 500 ba kujera 500 ba ce. Baje koli ba walima ba ne, wasu na shiga wasu na fita. Kujera 200 ta ishe ki. Ki ƙara da tabarmi a rumfa guda saboda mata masu goyo da tsofaffi.

Sai hunturu. Iskar daga arewa maso gabas take bugowa, don haka ki sa a rufe wannan ɓangaren, a kafa turaku sosai, kada a dogara da duwatsu. Na ga rumfar da iska ta ɗaga ta kifa kan teburin manyan baƙi. A kafa tun daren jajibiri, a sa mai gadi. A yayyafa wa filin ruwa da asuba saboda ƙura. Ruwa kuwa, kin san garinmu, ba a cewa gobe famfo zai kawo. Ki yi magana da ƴan ga-ruwa kwana biyu kafin ranar, ki ajiye duro biyu, ɗaya na alwala.

UwarBiyu:

Ƙanwata, sannu. Na karanta labarin Mirriah har na ji shi a jikina, don ni ma ta nan na biyo. A 2018, lokacin Zinder Sabuwa, wato babban bikin 18 ga Disamba da aka yi a nan Damagaram, ina cikin masu tarbar baƙi, kuma abin da na koya a waɗannan kwanaki ya fi na shekara guda a aji.

Baba ya faɗi na kaya, bari in faɗi na mutane, don a nan taro ke mutuwa ko ya rayu. Takardar neman izini zuwa ma'aikatar magajin gari da ta sanar da ƴan sanda, ki rubuta su gobe, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Amma takarda ba ta isa ba. Filin da za ku yi taron yana cikin unguwar wani. Ku je ku gai da mai unguwa, ku gai da limamin masallacin da ya fi kusa, ku gaya musu rana da lokaci, ku ce za a kashe lasifika in an kira salla. Wanda aka gaisar tun da wuri shi ke korar miki yara masu hawa rumfa. Wanda aka tsallake kuwa, ko bai ce komai ba, za ki gani a taronki. In kuna son wakili daga fadar Sultan, wannan ba aiken ƴar sitaj ba ne. Hajiya ce za ta je da kanta, ke ki bi ta da takarda, ki buɗe ido ki ga yadda ake yi. Kuma ki tambayi wanda ya san tsarin zama, wa ke gaba wa ke dama. Kuskuren kujera ɗaya ana shekara ana maganarsa.

Abu na biyu, kowane aiki ya zama da sunan mutum ɗaya da lambar wayarsa. Kada ki rubuta "kwamitin ruwa". Ki rubuta wane ne zai kawo ruwa, ƙarfe nawa. Abin da aka ba mutum biyar, babu mai yin sa. Ke kanki kada ki ɗauki aikin hannu ranar, ko raba ruwa ko jera kujeru. Aikinki ki tsaya inda kowa zai same ki.

Na uku ina faɗa miki ne a matsayin yayarki. Kuɗin kamfani, ko jika ɗaya kika kashe, ki karɓi rasit. Mai kabu-kabu ba shi da rasit, to ki rubuta a littafi nan take. Duk abin da Hajiya ta amince da baki, ki tura mata a rubuce ta WhatsApp ta amsa. Ba rashin yarda ba ne. In lissafi ya ƙi fita, ƙaramin ciki ake fara kallo, kuma ke ce ƙarama.

Ranaku kuwa, ni da Alhamis zan fara, tunda ranar babbar kasuwa ce, ƴan kasuwar waje suna gari, ba sai kun biya musu mota ba. Ki sa yara biyu a bakin ƙofa da littafi, su rubuta suna, gari da lambar duk mai sha'awar sari. Da wannan littafin za ki nuna cewa taron ya yi amfani, da shi kuma za ki rubuta rahoton sitaj ɗinki.

ƊanSanƙira:

Ni mai gabatar da taro ne, ina kuma karanta sanarwa a rediyo. Yaya UwarBiyu, na yarda da Alhamis, amma ba da safe ba. Ɗan kasuwan da ya taso daga Magaria da asuba ba zai bar Kasuwar Dole ya zo kallon fitila ba sai ya gama cinikinsa. Ku buɗe bayan la'asar, a yi jawabai kafin magariba, a tashi a yi salla, a dawo a kashe kowace wuta, sannan a kunna fitilunku gaba ɗaya. Dattijon Mirriah ya riga ya ba ki tsarin taron, ƙanwata. Juma'a ma haka, bayan an sauko daga masallaci an huta.

Jawabi kada ya wuce mutum uku. Sanarwa a yi ta da Hausa, a samu mai maimaitawa da Barbarci da Buzanci, tunda kuna jiran mutanen Tanout. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp ya fi katin da aka buga da Faransanci tafiya nesa.

Kuma ku da ke sayar da hasken rana, me zai sa a ji gurup, wato janareto, yana ruri a bayan rumfa? Ku ɗora lasifikar kan batirinku, in faɗa wa jama'a cewa muryar da suke ji rana ce ta caja ta.

BabaMaiRumfa:

Shawarar yaron nan ta yi, amma a ajiye gurup da mansa a gefe, a kashe. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, caji ya ragu. A goge su da safe, kuma a gwada lasifikar awa uku cur tun ana saura kwana biyu.

ƊiyarBirni:

Baba, Yaya, Malam, Allah ya saka da alheri. Jiya na kai wa Hajiya sabon tsari, daga la'asar zuwa ƙarfe 9 na dare. Ta yi shiru tana karantawa, sannan ta tambaye ni wa zai raka mata gida in dare ya yi, abin da ban yi tunaninsa ba sam. Mun yanke cewa rumfar mata za ta kasance kusa da ƙofa, a yi musu nasu gwajin da zarar an idar da magariba, a kuma yi magana da masu adaidaita biyar su tsaya a bakin fili. Takardun izini sun tafi yau da safe. Asabar za mu je gai da mai unguwa, ta ce in sa babban mayafi, goron kuma ita za ta kawo.

Baba, mai kujerun da na gani yau ya ce sai na biya kashi biyu cikin uku saboda lokacin aure ne. In amince, ko in duba wani?