Samon bohol ɗina yana ta sauke bireka

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin harkar wuta. Samo ne, wato injin jan ruwa na cikin rami, mai ƙarfin doki ɗaya a bohol ɗin gidanmu da ke Rijiyar Zaki, shekararsa 3 yana aiki lafiya lau. Tun satin da ya wuce, in na kunna sai ya yi kamar minti 5, bireka ta faɗi. In na mayar da ita nan take, ko minti ɗaya ba ta kaiwa. Mai amfiya 10 ce. Wani yaro mai gyaran wuta ya ce a sa mai 32 kowa ya huta, amma raina bai kwanta ba. Yau kwana 6 muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ga zafin Afrilu, ga mahaifiyata kwance ba lafiya.

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Don Allah kada ka yarda da mai 32 ɗin nan. Bireka waya take tsarewa, kuma in wayarka mai kauri 2.5 ce, za ta iya narkewa birekar na tsaye tana kallo, koyil ɗin injin ya ƙone a banza.
Lokacin faɗuwar shi ne abin lura. Da tana faɗuwa da zarar ka kunna, sai in ce waya ta haɗu, ko ruwa ya shiga mahaɗin da ke cikin rami. Tunda sai ta jima, injin ne ke jan wutar da ta fi ƙarfinsa har bireka ta yi zafi, shi ya sa karo na biyu take saurin faɗuwa. A auna wuta injin na aiki: in ta yi ƙasa sosai da bolt 220, to ƙarancin wuta ne. A sa mita mai kama waya a ga amfiya nawa yake ja. Sannan a kashe wuta a buɗe akwatin kwantirol a dubi kafasita, wato abin da ke taimaka wa injin tashi da juyawa, amma kada a taɓa bakinta da hannu, tana riƙe wuta.

Maman Sadik:
Malam ka tari ruwan a farin bokiti ka gani. Namu bara war haka ruwa ya ja ƙasa, samo ya dinga zuƙo yashi har ya yi masa nauyi. Sai da aka ciro shi aka wanke.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Wuta 215 ce, amma injin yana jan amfiya 13. Da muka buɗe akwatin, kafasita ta kumbura har ta tsage. Na tafi da ita Sabon Gari na sayo mai lamba iri ɗaya. Yanzu 7 yake ja, tanki ya cika ɗazu. Maman Sadik, na ga ɗan yashi kaɗan a gindin bokiti.

Mai Wayarin:
Alhamdu lillahi. Yashin nan kada ka bar shi. Ka kira masu bohol su auna zurfin ruwan, su ɗan ɗaga samon daga ƙasan rami kafin damina ta sauka.